Ina Nan a Bencin Baya, Malam

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wannan wata, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen horar da masu shirin zama malamai.

Malam, ni a sakandare na tsaya, kuma da hannuna na kafa masana'antar kujerun da yau take ciyar da gidaje. Amma ka san inda na fito: bencin baya, inda ake jefa yaron da aka gaji da shi. Kai kaɗai ka taɓa takowa har can, ka tarar ina sassaƙa jikin tebur. Ba ka doke ni ba. Cewa ka yi, "Gobe ka kawo mini wanda ya fi wannan kyau."

Da ka koma kwalejin horon malamai, sai ka aiko mini. Duk shekara, kafin ɗalibanka su fita gwajin koyarwa, nakan zo da furfurata in matsu a bencin baya. "Na-Baya," in ji ka, "yi musu halinka." Suna gwada koyarwa a gabanka, in buga tebur, in yi hamma, in tambayi amfanin darasin. Sharaɗinka gare su: ba bulala, ba kora. Wata ɗaliba ta taɓa fashewa da kuka har alli ya suɓuce mata. Ka ɗauka ka miƙa mata. "Gara ki yi shi a gabana, 'yata. Sake." Ta share ido, ta tako har bencina. Yau shugabar makaranta ce, kuma jikana a hannunta yake.

Ba a tashi zaman makoki ba, sabon shugaban sashe ya aiko wai an soke wannan darasi, wai wasa ne, ba ya cikin manhaja. To, ya ji da kyau. Yaron bencin baya ma ba ya cikin manhaja, amma yana can yana jiran duk malamin da za su yaye. Ɗalibanka sun zo mini gaisuwa, sun ce in ci gaba. Tunda an hana mu aji, na share gefe guda a masana'anta, na kafa allo. Benci kuwa ni nake yin sa. Litinin za mu fara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da ɗalibanka. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka a sahun gaba a Aljanna. Na baya kuwa ka bar mini, Malam.