Hanyar Gulbi da Yayana Ya Raina

Da likita ya ce in riƙa tattaki saboda ciwon suga, na fara zagaya Mabera da safe, ina kauce wa babura da ruwan kwata. Sati biyu na gaji. Na tafi ƙauyenmu in bi hanyar da na sani tun ina yaro, wadda ke ratsa itatuwan gawo ta gangara bakin gulbi, sannan ta hau tudun da ake hango shinkafar fadama.

Kafin in kai gulbi, mutum uku sun tsayar da ni suna tambaya ko akuya ce ta ɓace mini. A can ba a tafiya hannu rabbana.

A mashigin shanu na tarar da yayana, hauya a kafaɗa, ya naɗe wando. Kullum sai ya bi hanyar nan, ko ɗaga kai ba ya yi, kuma bai san ƙofar asibiti ba. Ni kuwa ina haki cikin sabon kambas.

Ya ce, "Ƙanena, kai kam ka huta. Mu tahiyag ga ta ishe mu."

Har na dawo Sakkwato ban yafe masa maganar nan ba.