Yatsun da Na'ura Ta Ƙi

Yayana mai haƙar rijiya ne. Shekara talatin da bakwai yana sauka rami da igiya a ƙugu, ni ina sama ina jan ƙasa. Ba shi da surutu. In ka tambaye shi ko akwai ruwa a wuri, ba zai ce e ko a'a ba, riga kawai zai tuɓe.

Da gwiwa ta fara gaza masa, ya ƙudura sayen babur mai ƙafa huɗu, irin mai ratsa yashi da kwazazzabo, don inda muke aiki mota ba ta shiga. Bai taɓa mallakar komai a takarda ba. Wannan kam, ya ce, da sunansa za a rubuta.

Na raka shi. Shagon duk gilashi, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Akawun, wata matashiya, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Katin shaida, Baba. Lambar waya. Sunan mahaifiya. Kwatancen gida."

"'Yata, babur na zo saye, ko auren 'yarku na zo nema?"

Ya dai bayar. Sai ta turo masa wani ɗan akwati, wai ya ɗora babban yatsa. Wuta ta nuna ja. Ya goge a riga, ya hura, ya sake. Ja. Yatsu goma, duka ja. Siminti da igiya sun cinye zanen yatsun tas.

"Baba, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba."

"To wa ke tsaye gabanki?"

Manaja ya fito yana gyara wuyan riga. Ƙa'ida ce, in ji shi, ba yatsa, ba takarda. Na ce ga mutum, ga katinsa, ga hotonsa a jiki, me ya rage? Ya ce sai dai wani ya tsaya a madadinsa, yana kallona.

Raina ya ɓaci, amma aiki na jiranmu. Na ɗora yatsa, wuta ta nuna kore, aka rubuta babur da sunana. Akawun ta ɗauki hoton katina gaba da baya da wayarta ta hannu. Na ce ina za a kai shi?

"Kada ka damu, Kawu."

Bayan kwana uku aka fara kirana a waya. Masu inshora, masu taya, har da wani da ya san sunan mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Wanda na zaga, na zaga.

Wannan duk da sauƙi. Babur na aiki, Yaya ke tuƙa shi, shi ke wanke shi. Amma kullum muka tashi daga aiki sai ya tsaya ƙofar gidana ya miƙo hannu.

"Ga makullinka."

Na yi faɗa, na rantse, na taɓa jefa masa shi a ƙirji. Ya sunkuya da wannan gwiwar, ya ɗauka, ya rataye min a ƙusa, ya taka gida da ƙafa.