Injin Kawu Bala da ciyawar maƙabartar Anka

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar Kawu Bala, ƙanen Innata, mai yankan ciyawa da injin nan na rataya a kafaɗa. Duk Anka an san shi. Wasu sun gaji gona, wasu mashin. Ni injin da ke kuka kamar an matse ɗan akuya aka miƙo mani.

Kawu ya fi kula da injin nan bisa ga kansa. Shi bai damu da wanka ba, amma sosan da ke tace iska sai ya wanke shi da sabulu, ya shanya a inuwa. Fetur da baƙin mai kuwa da gwangwanin madara yake aunawa, yana ƙifta ido kamar mai haɗa magani. In damina ta wuce sai ya tsiyaye man, ya tada injin ya bar shi har ya mutu don kansa. Na taɓa ce mashi, “Kawu, wanga ai ɓarna ce.” Yac ce, “Kai da kag gudo daga aji uku za ka koya mani ɓarna?”

Kowace damina shi ke share maƙabartar unguwarmu, kyauta, ciyawar kuma a kai ma tsofaffin mata masu awaki. Yau da zai ɗago kai ya ga kowa na goye da tankin feshi, ban san abin da zai ce ba. Na dai san ya tsani maganin, don ciyawar da anka fesa ko akuya ba ta ci.

Bara na yi ganganci, na jingine injin da mai a ciki tun kaka. Da ruwa ya sauka bana, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, shiru. Ciyawa ta kai ƙugu, masu haƙar kabari na ƙorafin macizai. Mai unguwa ya kira ni yac ce, “Sani, in Juma'a ta yi injin bai tashi ba, feshi za mu yi, kuma daga bana shi ke nan.” Inna ba ta yi mani faɗa ba. Awakinta kawai ta kalla, sannan ta kalle ni.

Na shimfiɗa buhu ƙarƙashin darbejiya na kwance kafiretar injin. Man ya daskare ciki kamar ƙaro. Na wanke, na hura, na kankare fulogi, ina jin abokaina na cewa wai injiniya ya buɗe gareji. Ranar Alhamis da hantsi, ja na bakwai, ya yi tari ya kama.

Na yi yanka har na iso layin da munka sa Kawu. Nan na tsaya. Ruwan shekara biyar ya daidaita ƙasar, itacen da munka kafa don alama gara ta cinye. Wallahi ban iya nuna nashi ba. Na tsaya da inji na kuka a kafaɗa, kunya ta rufe ni.

To, abin da ya rage na Kawu ba tudun ƙasa ba ne. Hanya ce da masu ɗauke da makara za su bi ba su taka maciji ba, da dami goma sha biyu da anka raba ma tsofaffi. Na kashe injin na yi addu'a, na haɗa da duk mutanen layin, tunda yana cikinsu. Allah Ya jiƙan ka, Kawu. Bana da kaina zan tsiyaye man.