Saura Mutum Ɗaya

Yayana ne ya gina shafin intanet ɗin, ni ɗan riƙe masa jaka ne kawai. Domin matan Zongo masu sayar da atamfa a kasuwar Sankaryaaré ya yi shi. Da yake yawancinsu ba sa karatu, sai ya naɗi muryarsa: ka danna koren maɓalli, ya gaishe ka, ya jero maka zannuwa ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ne mai tsantseni har ya gundure ka. Ya ɓata kwanaki yana rubuta abin da na'urar da ke ɗauke da shafin za ta yi in an ce ta tsaya: ta daina karɓar baƙi, ta jira na ciki su gama, ta share tarkacenta, sannan ta mutu. Na ce masa a cire wayar wuta kawai mana.

"Kai, petit," ya ce, "ka taɓa ganin an ja ƙofar shago da kiliya a ciki yana sayayya? Jamais, har abada."

Bayan rasuwarsa matan suka koma talla a wayoyinsu. Na yi ta ɗaga ranar rufewa har wa'adin hayar na'urar ya cika. Bayan la'asar na zauna a zaure, na kwafe komai har da muryarsa, na ba da umarnin tsayawa.

Ta ƙi mutuwa. Allon ya nuna saura mutum ɗaya a ciki. Raina ya ɓaci, don na so in gama kafin zuciyata ta karye. Har na kai hannu zan kashe ta da ƙarfi, sai na jiyo muryarsa daga ɗakin Inna, mahaifiyarmu.

Na same ta a kan tabarmar salla, waya a tafin hannu, yana lissafa mata atamfofin da aka daɗe da sayarwa. Koren maɓallin nan shi kaɗai ta iya dannawa a wayar, kuma yayana ne ya kama yatsarta ya koya mata. Ban san kullum take yi ba.

"Inna…"

"Bari ya gama tukuna."

Na zauna a bakin ƙofa, muka saurara har ya yi sallama. A zaure kuwa na san na'urar ta share tarkacenta ta rufe, yadda ya tsara.

Inna ta sake dannawa. Shiru. Ta goge wayar da gefen mayafinta, ta ƙara dannawa, sannan ta miƙo mini.

"Duba mini, auta. Yau bai amsa ba."