Takalmin Tsoho Pyo

Da asuba, tun fitilun tashar jiragen ruwa ta Busan ba su gama mutuwa ba, Ok Malsun na durƙushe a layin ɗakunan hawa na bakwai tana kankare aman wani daga jikin kafet. Ba ta san mai shi ba, amma ta san abin da ya ci a walimar bankwana ta jiya: gasasshen nama, kabeji mai tsami da yaji da ake kira kimchi, da giyar soju fiye da ƙima. Ya yi abinsa ya tsallake ya shige ɗaki. Anjima zai fito fes cikin riga mai guga, yana toshe hanci wai jirgin nan ba a tsaftace shi.

Haka safiyar ƙarshe take a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Mutanen da suka yi mako suna ce mata "Inna, sannu da ƙoƙari" su ne za su bar mata ɓawon kaguwa a cikin aljihun tebur, da jiƙaƙƙen tawul a ƙarƙashin katifa, da banɗakin da ba a kora ba. Tunda ba za su sake haɗa ido da ita ba, kunya ta ƙare.

Kafin ta hau jirgi, Malsun ta fi shekara ashirin tana feɗe kifi a kasuwar bakin teku. Takan ce hanjin kifi ya fi ɗakin fasinja daɗin taɓawa, don shi kifi ba da gangan yake yi ba. Mijinta mutum ne mai zaƙin baki. Ya yi mata alkawarin kanti, ya yi mata alkawarin gida mai kallon ruwa, sannan ya tafi Seoul neman hanya, hanyar kuma ba ta biyo da shi gida ba. Da wuƙar kifi ta raini 'ya'yanta mata biyu har ta aurar da su. Tun daga nan in mutum na magana ba ta kallon bakinsa, hannunsa take kallo. Abin da ta taho da shi daga kasuwa bai wuce ciwon gwiwa da farin takalmin roba mai tsawo ba. Shi take sawa duk safiyar sauka, don takalmin da jirgi ke bayarwa ba ya jure ƙazantar ranar. Ƙaton takalmi ne, na maza, gama tana da ƙafa. Tun tana yarinya ake tsokanarta da mai ƙafar kwale-kwale. Ni da ke tura kurar wanki a hawan, da ƙarar takalmin nake gane ta taho.

Tsarin sauka ba shi da wuya. Daren ƙarshe kowa ya fito da akwatinsa bakin ƙofa, ɗaure da ƙyallen launin da aka ba shi. 'Yan dako su bi layi su kwashe duk abin da suka tarar a waje su kai ƙasa. Da safe lasifika ta riƙa kiran launi ɗaya bayan ɗaya, masu ja, sai masu shuɗi, sai masu rawaya a ƙarshe, kowa ya tarar da kayansa a zauren kwastan. Wanda ya taka ƙasa ba ya komowa jirgi. Aikin Malsun shi ne hawanta ya zama fanko a kan kari, don da la'asar wasu sababbi za su hau su fara tasu ɓarnar.

A ɗakin ƙarshen layi akwai Tsoho Pyo, manomin shinkafa daga wani ƙauyen kan tudu. Ɗansa Sangchol, babban ma'aikaci a Seoul, shi ya kawo shi bikin cikarsa shekara tamanin. Malsun ta ga yadda bikin yake: in matar Sangchol ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, ɗan zai rusuna, ya ɗebi miyar ganyen teku ya kai bakin uban, da ta sauke wayar, su bar shi shi kaɗai da cokalinsa. Shi kuwa tsohon, ɗakinsa ne kaɗai Malsun ke tararwa an naɗe bargo an share ƙasa da hannu. Kuma tunda yake bai taɓa shiga wurin kwana da takalmi ba. Ɗakin jirgi ba shi da dokin ƙofa inda ake tuɓewa, sai ya riƙa ajiye nasa a waje, a jere, bakinsu na kallon hanya.

Jiya da yamma ta tare ɗan a bakin matakala.

"Yallaɓai, yau dai ka shigar da takalmin Baba ciki. 'Yan dakon nan baƙi ne, ba 'yan ƙasar nan ba. Duk abin da suka gani a waje, kaya ne."

"Haba Inna, mahaifina ne fa. Wa ya fi ni kula da shi? Ki ɗauka an yi."

Yau da safe kuwa, tana cikin matse tsumma a bokiti ta ji an buɗe ƙofar ƙarshen layi. Tsoho Pyo ya fito cikin baƙar kwat, da laƙtaye, da farar safa. Ya dubi inda ya saba ajiye takalmi, ya dubi dama da hagu.

"Ke yarinya, ina takalmina?"

Rabon da a kira Malsun yarinya har ta manta. Ta miƙe da ƙyar, dafe da bango.

"Ɗanka bai shigar da shi ba jiya?"

"Ya shigar da shi ina? Kan gado?"

"To yana ƙasa, Baba. Sun ƙulle shi tare da akwatinka."

Sai ga Sangchol ya fito daga ɗakinsa yana jan ƙaramar jaka, matarsa na bayansa tana latsa waya. Su jan ƙyalle suka nema tun farko, don su riski jirgin ƙasa na safe. Uban aka bar wa rawaya, tunda mutanen ƙauye za su zo ɗaukarsa. Da aka faɗa wa Sangchol abin da ya faru, sai ya dafe kai ya shiga faɗa da 'yan dakon da ba sa wurin. Bai ko kalli Malsun ba.

Matar ta leƙa banɗakin tsohon ta fito da silifan roba, riƙe da yatsu biyu, suna ɗigar ruwa.

"Baba, ku sa wannan kawai. Daga nan zuwa zaure ne fa. Wa zai kalli ƙafarku?"

Tsohon ya juya mata baya. Ya je taga ya nuna da haɓa. Can bayan shingen tasha, cikin yayyafi, wata motar haya na tsaye, tsofaffi sun yi cincirindo ƙarƙashin laima riƙe da dogon ƙyalle mai ɗauke da sunansa. Daga inda suke ana ganin gadar sauka tun daga sama har ƙasa.

"Mai unguwarmu na can," in ji shi. "Ga wanda muka yi firamare tare, idonsa ya fi na shaho. Takalmin masai ko tsakar ɗaki ba a takawa da shi. Shi zan sa in sauka gabansu? Har a binne ni ba za a daina ba da labarin ba."

Malsun ta dubi ƙafar Sangchol. Baƙin takalmin fata ne, yana ƙyalli.

"Yallaɓai, ai ƙafarku ɗaya da Baba."

Ya yi 'yar dariya. "Inna kin iya barkwanci. Taro nake da shi a Seoul. Da safa zan shiga?"

"Shi ma taron gare shi. Ga su can cikin ruwa."

"Bari ki ga. Zan sauka yanzu in nemo akwatin, in dawo da takalmin da hannuna."

"Wanda ya sauka ba ya dawowa. Tun jiya lasifika ke faɗa."

"Zan yi musu magana. Na san yadda ake magana da mutane."

Lasifika ta kira masu ja. Sangchol ya rusuna wa ubansa har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya ce, "Baba, ka yi tsawon rai. Yanzun nan zan dawo." Matar ta jingine silifan a bakin ƙofa, ta goge yatsunta da bangon da Malsun ta wanke, suka wuce.

Malsun ta nemo Yom, shugaban hawa, mutumin da murmushi ba ya barin fuskarsa ko ana gobara. Ya zo da rediyonsa, ya ba tsohon haƙuri da kalmomi masu daɗi, ya yi magana a rediyo, ya saurara, ya sake ba da haƙuri. Akwatunan masu rawaya na cikin keji a ƙasa, ba a buɗewa sai a zaure. Kantin jirgi kuma kwastan sun rufe shi tun shigowa tasha.

"Amma akwai dabara, Dattijo," in ji Yom. "Mu kawo keken marasa lafiya, mu lulluɓe muku ƙafa da bargo, a turo ku cikin girma. Ba wanda zai gane."

"Bara na hau dutsen bayan garinmu da buhun taki a baya," in ji tsohon. "Yau a turo ni kamar kabewa?" Ya zauna bakin gado ya harɗe hannu. "Ku mayar da ni teku."

Yom ya ja Malsun gefe, murmushin na nan. "Inna, ki fitar mini da shi ko ta yaya. A hawanki yake."

"Kai ma ƙafarka ba ta da laifi," ta ce tana kallon ƙasa.

Rediyonsa ya yi ƙara, ko kuma shi ya sa shi ƙara, ya tafi da sauri.

Aka kira masu shuɗi. Layin ya cika da hayaniya, sannan ya yi tsit. Malsun ta shiga ɗakunan da aka bari tana yaye zanen gado. A ɗakin Sangchol ta tarar da ragowar kek ɗin bikin an danna shi cikin kwamin wanke hannu, an bar famfo na zuba a kai. Ta kwashe da hannu. Tana cikin haka ta ji wayar tsohon ta yi ƙara ta bango. Bai daɗe a kai ba. Da ta leƙa, yana zaune yadda ta bar shi, wayar a kife kan bargo.

"Sun hana shi dawowa," ya ce. "Jirgin ƙasa kuma ba ya jira."

"Haka ne."

"Yaron kirki ne. Aiki ne ya yi masa yawa."

Malsun ta koma kan aikinta. Ba da ita yake ba.

Lasifika ta kira masu rawaya. Ta tsaya a bakin ƙofar ta dubi ƙafarta. Farin takalmin ya sha aman asuba, ga kek ya manne a gefe. Ta shiga banɗakin da babu kowa, ta tuɓe shi, ta sakar masa ruwan zafi, ta dirje shi da sabulu ciki da waje, ta goge da sabon tawul irin wanda ake ajiye wa baƙin hawan sama. Ta kawo ta ajiye a waje, a bakin ƙofarsa, a jere, bakinsu na kallon hanya.

"Baba, ga takalmi."

Ya taso ya ɗauki ɗaya, ya juya shi ya duba ƙasansa, ya danna diddigen da babban yatsa.

"Wannan ya yi aiki."

"Kasuwar kifi."

"Na mace ne?"

"Ƙasa ba ta tambaya."

Ya zura ƙafa. Ya zauna masa daidai. Ya sunkuya ya cusa bakin wandon kwat a ciki, kamar mai shirin shiga gonar shinkafa, ya buga ƙafa sau biyu.

"Mai unguwa zai ce daga teku ma na wuce gona," in ji shi, har gefen bakinsa ya motsa. Sai ya ga safarta a kan kafet. "Ke fa?"

"Ni ba wanda ya zo tarbata."

"Da kaka zan aiko miki da shi, da buhun sabuwar shinkafa."

"Kada ka yi mini alkawari, Baba. Na ƙoshi da shi. Tafi kawai, suna jiƙewa."

Ta bi shi har bakin gadar sauka. Yom na tsaye can yana rusuna wa masu fita. Ya ga ƙafarta, ya buɗe baki, ta kalle shi, ya rufe. Tsoho Pyo ya sauka shi kaɗai, bayansa a miƙe, bai riƙe ƙarfe ba, baƙar kwat a sama, farin takalmi na ƙara a ƙasa. Can bayan shinge laimomi suka fara motsi, aka ɗaga ƙyallen sama.

Ni ma ranar ce safiyata ta ƙarshe a jirgin, bayana ya ƙi tura kura. Da na zo wucewa da jakata, Malsun na tsaye a bakin gadar, ruwan sama ya jiƙa mata safa sharkaf. Ta jira har tsohon ya shige zaure. Sannan ta leƙa ta tofa yawu a teku, ta tuɓe safar ta matse, ta cusa a aljihu, ta koma ciki ba takalmi.