Tampol ɗin Kawu na Maga

Hadari ya riga ya haɗo ta bakin tafki lokacin da na warware tampol ɗin. Na ja nan, na ja can, ya ƙare. Ko kwatan shinkafar da Kawu ya shanya bai rufe ba, kuma irin shukarsa ne na bana.

Kawu ya dube shi, ya dube ni. "Kai ɗan nan, sallaya na aike ka?"

Bari in koma baya. Mun tashi da asuba daga Garwa, ni da wani abokina wanda shi ma zama ba ya karɓarsa. Kawu, ƙanin innata, shi ya bugo waya: a kawo masa tampol goma da shida kafin ruwa ya sauka. Tun kafin ranar tafiya na je wurin wani Alhaji mai kawo kaya daga Yola, na ga 10 da 6 ɓaro-ɓaro a jikin leda, na biya. Har ina murna ba nauyi.

A mota na kasa zama. Ramukan bayan Figil sun kaɗa mana hanji, jandarma suka sauke mu duba kati, wata 'yar Fulani ta sayar mana da kindirmo ɗari biyu, tsaminsa har kunne. Daf da Marwa muka hango dutsen Mindif tsaye kamar haƙori. Daga nan sai wata tsohuwar mota ta Bogo, ni da akuya kujera ɗaya. Maga kuwa tun daga tasha ƙaurin bandar kifi ke tarbar mutum.

To, ashe gomar Kawu mita ce, yadda kowa ke awo a nan. Gomar Alhaji ƙafa ce, awon Najeriya. Mita guda ƙafa uku ce da ɗoriya. A lekol ban kai wannan darasin ba na gudu daga makarantar.

Ruwa ya sauko. Muka yi ta kwasa da kwano, da buhu, da zanin matar Kawu. Rabi muka tsirar. Sauran ya jiƙe, in bai sake shan rana ba tsirowa zai yi a buhu. Kawu bai yi faɗa ba, kifi ma ya sa aka soya mana. Wannan ya fi duka zafi.

Na dawo Garwa ko gida ban biya ba. Na ari tef ɗin wani tela, mai inci a gaba santimita a baya, na koma wurin Alhaji. Abin da na koya ke nan: in an ba ka lamba, tambayi ta wace ƙasa ce.

Sai na tura wa Kawu saƙo:

"Kawu, na samo ƙafa 33 da 20, shi ne gomarka da shidarka. Na shimfiɗa shi a titi na auna, har masu babur na zagina. Ni da abokina ma da ƙyar muke ɗaga shi. A ajiye mini sallayata, ina tafe."