Hannun Hagun Glenys Treloar

Glenys Treloar ta girme mu duka a ofis, kuma ta fi mu duka taurin kai. Kamfaninmu ƙarami ne, a saman wani shagon gyaran kekuna a Adelaide, muna rubuta manhajar da manoman inabi ke ban ruwa da ita. Glenys ce ta kafa tushen manhajar tun kafin a ɗauke ni aiki, ni kuwa yanzu furfura ta cinye rabin kaina. Gajeriya ce mai askin maza, ba ta shan kofi sai baƙin shayi, kuma in ta zauna aiki sai ta tuɓe takalmi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda, Narelle, tana aure a Perth. In an tashi aiki ba abin da ta sa a gaba sai tumatirin da ta shuka a bayan gida, wanda take cika mana leda da shi ko muna so ko ba ma so.

Duk mai irin sana'armu yana da manhajar da yake rubutu a cikinta. A nan yake wuni, don haka kowa na saita tasa yadda ransa ke so. Wani launi zai sauya, wani girman haruffa, shi ke nan. Ta Glenys kuwa ta wuce nan. Fiye da shekara talatin tana gyara abu ɗaya. Allonta baƙi ƙirin, haruffan ruwan zuma, babu hoto ko ɗaya. Linzamin kwamfuta tana da shi, amma a aljihun tebur yake kwana tare da cokali. Komai da maɓallai take yi: wannan da wancan su tsallaka da ita ƙarshen kalma, wasu biyun su ɗauke layi su kai shi sama, wani ya nuna mata inda alamar baka da ta buɗe a rubutu ta rufe. Duk abin da ta ga tana maimaitawa har ya ba ta haushi, sai ta ƙirƙira masa maɓalli. Kowa ya zauna a gaban kwamfutarta baƙo ne, ko fita daga shafi ba zai iya ba.

Abokin faɗanta shi ne Stavros, wanda teburinsa ke kallon nata. Ƙato ne mai fara'a, ɗan shekara arba'in da wani abu, kuma duk sabon abu da ya fito shi ne farkon ɗauka.

"Glen, zo ki ga ikon zamani," zai ce. "Harafi uku na buga manhajata ta ƙarasa mini layin."

"To ka tafi gida mana, Stav, ta karɓi albashin."

"Ke taki ko gyaran kuskure ba ta yi."

"Tana yi. Tana yin shiru in gyara da kaina. Abin da nake so ke nan, in na ce tafi ta tafi, in na ce dawo ta dawo, ko na kashe ta na kunna ta tuna inda muka tsaya. Ban ce ta ba ni shawara ba."

Haka suke kullum, mu kuwa muna shan dariya. Wata rana na tsaya a bayanta ina kallon yadda take jujjuya rubutu, na tambaye ta da wane maɓalli ta yi wani abu. Ta ce wallahi ba ta sani ba. Sai da ta ɗora hannu ta sake yi a hankali tana kallon yatsunta, sannan ta ce, "Ashe waɗannan ne." Ta daɗe da mantawa da kai, yatsun ne suka riƙe.

Ranar wata Lahadi ta faɗi a cikin tumatirinta. Maƙwabciyarta ce ta gan ta ta kan shinge. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren dama. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗan ja, hannun dama kuwa ya ƙi. Narelle ta zo daga Perth ta zauna da ita, kuma tun a asibiti suka fara ja-in-ja. 'Yar tana so ta tafi da uwarta, uwar ta ce gidanta da aikinta suna nan. A ƙarshe suka yi yarjejeniya: in Glenys ta iya komawa aiki za ta zauna, in ba ta iya ba za a sayar da gidan ta bi 'yarta.

Abin da ya faru a ofis a lokacin, sai daga baya na sani, don na ɗauki hutu na tafi kamun kifi garin Port Lincoln. Saitin Glenys yana ajiye a rumbun ofis, inda muke ajiye duk rubutunmu. Stavros ya zauna ya yi tunani irin na mai tausayi: matar nan hannu ɗaya ya rage mata, rabin maɓallanta kuma suna dama. Ya kwashe hutun ƙarshen mako yana kwaso su yana dawo da su hagu. Da fili ya ƙare a maɓallan hagun, sai ya fara matsar da na can don a sami fili, wannan ya koma nan, wancan ya koma can. Aiki ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zuba shi a kwamfutarta ya miƙa wa Narelle a bakin ƙofa. Bayanin duk abin da ya yi kuwa ya rubuta shi dalla-dalla a tarihin sauye-sauye na rumbun, inda muka saba rubuta irin wannan. Da baki bai ce komai ba. Mu haka muke, in mun rubuta a can gani muke duniya ta ji.

Da na dawo na je gaishe ta da yamma, na same ta a kicin, ga kwalaye a jingine da bango. Ta rame. Narelle ce ta dafa mana shayi, don Glenys ta daina taɓa murhu.

"Des, zauna ka ga wani abu," ta ce.

Ta buɗe kwamfutar, ta ɗora hannun hagu, ta danna maɓalli biyu. Layi guda ya ɓace.

"Ƙarshen kalma na nufa," ta ce. Ta sake dannawa, rubutun ya tsallaka wani wuri daban. "Nan kuma so na yi in mayar da layin. Na dama na san ya tafi, na haƙura da shi. Amma wannan lafiyarsa ƙalau, kalle shi. Ba hannun ba ne, kan ne."

"Me likita ya ce?"

"Ya ce kaina garau. Ya sa ni na zana agogo, na zana. Shi agogo ya sani. Ni na san abin da yatsuna suka iya, kuma babu shi. In wannan ya goge ban ji ba, me kuma ya goge? Shi ya sa na ba Narelle makullin mota."

Ni ban san maɓallanta ba, ba wanda ya sani, kuma ko a mafarki ban kawo cewa wani zai taɓa saitin wani ba. A sana'armu wannan kamar ka shiga ɗakin mutum ne ka sauya wa kayansa wuri. Na fito, na zauna a mota na daɗe ban tayar ba.

Ranar Juma'a, muna gasa nama a farfajiyar bayan ofis kamar yadda muka saba, mai kamfanin ya sanar da mu cewa Glenys ta kira shi, ta ajiye aiki, za ta koma Perth. Stavros yana riƙe da maɗaukin nama, fuskarsa ta faɗi.

"Har da sabon saitin ma bai yi mata ba?" ya ce.

"Wane saiti?" na ce.

"Na hannu ɗaya. Wanda na yi mata."

"Ka taɓa saitin Glenys?"

"Ai na rubuta komai a tarihi, Des. Da jadawali ma."

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa ya sani, amma ranar ko zagi ban iya haɗawa ba. Na karɓe maɗaukin daga hannunsa na miƙa wa mai kamfani, na ce wa Stavros ya ɗauko jakarsa. A hanya na gaya masa abin da na gani a kicin. Ƙaton nan sai share fuska yake da bayan hannu har muka isa.

Mun tarar Narelle tana naɗe faranti da jarida. Glenys na zaune bakin taga. Stavros ya tsaya a tsakiyar kicin, ya ƙi zama, ya faɗi abin da ya yi daga farko har ƙarshe. Ta saurare shi ba ta katse shi ba.

"Na hagun ma ka matsar?" ta ce.

"Duka. Don a sami wuri."

"Kuma ka rubuta a tarihi."

"Na rubuta."

"Stav, ɗan kirki, da wane maɓalli zan buɗe tarihin?"

Ya sunkuyar da kai. Ta tura masa kwamfutar da hannun hagu. Mayar da tsohon saiti ba wani aiki ba ne, rumbun ba ya zubar da komai, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama. Ya mayar mata da ita gabanta.

Ba ta taɓa ba nan da nan. Na ga tsoro a fuskarta ƙarara, don in yanzu ma bai yi ba, ba sauran wanda za a ɗora wa. Ta zame silifas ɗinta, ta gyara zama, ta ɗora hannun. Ta danna biyu, alamar da ke nuna wurin rubutu a allo ta tsallaka ƙarshen kalma. Ta sake, layi ya hau sama. Daga nan hannun ya kama gudu da kansa, tana kallon allo ba ta kallonsa, rubutu yana ta juyawa yadda muka saba gani. Narelle ta ajiye farantin da ke hannunta. Can sai hannun ya danne wani maɓalli ya tsaya cak, yana jiran na dama ya kawo nasa rabin. Na daman yana kwance a cinyarta.

Glenys ta daɗe tana kallon hannuwan biyu. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Ina nan ashe," ta ce a hankali. "Tun da na dawo daga asibiti nake yi wa kaina makoki."

"Glen, ki yafe mini," in ji Stavros.

"Zan yafe, amma ba yau ba. Yau aiki za ka yi. Jawo kujera. Na hagu ba mai sake taɓa su. Na dama za mu kawo su ɗaya-ɗaya, ni zan zaɓi wurin, kuma ba za a kawo na biyu ba sai na farko ya zauna."

"Zai ɗauki watanni fa."

"Ina za ni?"

Ta juya wajen 'yarta, wadda ke tsaye a tsakiyar kwalaye da jarida a hannu.

"Narelle, kwance faranti huɗu. Baƙin nan ba su ci abinci ba."